Masallacin da Muka Naɗe a Suwaidi

Shagon da nake aiki a ƙarshen unguwar Suwaidi ta birnin Riyad yake, can inda gidaje ke ƙarewa a shiga layin masu gyaran motoci. Taba muke sayarwa, da mu'assal, wato tabar shisha mai ƙamshin tuffa da inabi, da gawayinta da tukwanenta. Ba aikin da mutum zai bugo gida yana alfahari da shi ba ne. Har yau mahaifiyata a Kano turare take zaton ina sayarwa, ni kuma ban taɓa gyara mata ba, tunda dai kayan suna da ƙamshi.

Mu biyu ne a shagon, ni da wani dattijo mutumin Damagaram da kowa a layin ke kira Baba. Ya riga ni zuwa da daɗewa. Lokacin da ya zo, kafilinmu, Balaraben da iƙamarmu, wato takardar zaman ƙasa, ke ƙarƙashin sunansa, katifu yake sayarwa a wurin. Da kasuwar katifa ta mutu sai ya mayar da shagon na taba, aka kwashe katifu, aka bar kanta da firji da Baba. Bai taɓa miƙa wa kowa kwalin taba da hannunsa ba. Shara yake yi, ya jera kaya, ya sauke katan-katan ɗin gawayi. In mai saye ya shigo ba na kusa, sai ya ce masa ya jira Bakano, shi ne mai wannan zunubin. Ni Bakano, shi Badamagare, kun san abin da ke tsakani. Bawana yake ce mini, ni kuma in kira shi limamin hayaƙi, a haka muka yi shekara tara.

Baba yana da ciwon sukari, kuma ciwon ya sauka masa a ƙafar hagu. An riga an cire masa ƙaramin yatsa. Duk wata yakan je asibiti a duba ƙafar, a ba shi allurar da yake ajiyewa a firjin shago kusa da gorunan ruwa. Da katin inshorar lafiya yake samun wannan duka, katin kuwa da iƙama yake tafiya, iƙamar kuma da shagon. In shago ya rufe, ni ba ni da matsala, ina da lasisin tuƙi, kafin sati wani kafilin zai karɓe ni. Shi kuwa wa zai karɓi mutumin da ya haura sittin yana ɗingishi? Sai dai a buga masa takardar fita ya koma ƙauyensu, inda ko firjin da zai ajiye allurar babu.

Masallacin da ya fi kusa da mu yana da nisa. Sai ka bi bayan wata doguwar katanga, ka tsallaka babban titi, ka kuma yi kwana. Ga mai lafiya ma a zafin Riyad ba ƙaramin aiki ba ne. Kun san halin mutanenmu kuwa, duk inda Bahaushe ya kwana uku sai ya jera duwatsu ya yi wurin salla. Akwai wani fili tsakaninmu da warshar maƙwabcinmu, wato garejinsa, taku arba'in daga ƙofar shago, ba mu san mai shi ba. A shekarata ta farko muka share shi ni da Baba, muka jera bulo, muka shimfiɗa ragowar kafet da wani mai ɗinkin kujerun mota ya ba mu, muka ajiye butoci uku. A nan alƙibla yamma take, amma har gobe in Baba zai tayar da salla cewa yake a fuskanci gabas.

Da mu biyu aka fara. Sai direbobi 'yan gida, Hausawa irinmu, suka fara tsayawa. Sai makanikai, Yamalawa da 'yan Fakistan da 'yan Bangaladash, suka riƙa fitowa da baƙin mai har gwiwar hannu. Wani Basudane mai walda ya ƙera mana rumfa ta kwano, wani ya kawo injin ruwan sanyi, wani ya ɗaura ƙaramar lasifika a jikin ƙarfe. Baba ne ladan, shi ne kuma liman in babu wanda ya fi shi karatu. In azahar ta yi mukan cika sahu uku. Babu wanda ya taɓa kiran wurin da wani suna sai masallaci.

Wata safiya ɗan kafilinmu, wanda shi ke kula da shagon tun da uban ya tsufa, ya tsaya da mota a ƙofa bai ko kashe ta ba. Ya ce baladiyya, hukumar gari, ta fito da sabuwar doka a kan shagunan taba: dole tsakanin shago da masallaci ko makaranta ya kai mita ɗari biyar. Lasisinmu ya kusa ƙarewa, mai dubawa zai zo mako mai zuwa. Ya ce ya auna a wayarsa, masallacin bayan titi ya wuce ɗari biyar ɗin da kaɗan, makaranta kuma babu a kusa, saboda haka in sha Allahu babu matsala. In kuwa aka samu matsala, mahaifinsa ya ce ba zai nemi wani wuri ba, rufewa kawai zai yi. Ya ja gilashi ya tafi.

Na tsaya a ƙofa ina kallon rumfarmu. Shi wannan yaro ta ɗaya ɓangaren yake shigowa kullum, bai taɓa fitowa daga mota a layin nan ba, balle ya san muna da masallaci a gindin shago. Mita ɗari biyar ake magana, mu ko hamsin ba mu kai ba.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni ban tambayi kowa ba. Wanda ya zauna da iƙama ya san dalili: tambaya tana jawo ido. In na gaya wa ɗan kafili, cewa zai yi mu muka jawo masa. In na je ofishin baladiyya, na kai ƙarar kaina da ƙafata. Kuma gaskiya ni mutum ne mai ganin dabararsa ta fi ta kowa, wannan hali tun ina yaro ake faɗa mini shi. Kafin la'asar na gama tsara komai a kaina. A naɗe masallacin na mako guda, mai dubawa ya zo ya tafi, a mayar.

Da na gaya wa Baba, na shirya wa faɗa. Na tanadi hujjoji, har da wata magana da na taɓa ji a wa'azi a kan lalura. Yana zaune a kan katan ɗin gawayi yana gyara bandejin ƙafarsa.

"Bawana, ɗakin Allah hwa kake cewa a naɗe," ya ce.

"Baba, ba rushewa na ce ba. Kwana bakwai ne. Kuma ai ba don kaina nake yi ba, ni ko gobe aka rufe ina da wurin zuwa."

"Na sani."

"To in aka buga maka fita fa? Wa zai duba maka ƙafar a can?"

Sai ya ce abin da ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba. "Tsoro nike ji. Wallahi tsoro nike ji. Na ga yadda ƙahwar wana ta ƙare a gida, tun daga yatsa har gwiwa. Ba ni son in tahi haka."

Hujjojina duka suka zama ba su da amfani, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Amma ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin tausayin akwai ɗan jin daɗin cewa an bi shawarata.

Ranar Juma'a da hantsi muka yi aikin, lokacin da layin yake a rufe. Basudanen nan kaɗai muka gaya wa, don shi zai kwance rumfar. Ya yi ta girgiza kai yana la haula, amma ya kwance. Ni na sauke lasifika, na kwashe bulo na jibge a bayan shago. Kafet kuwa Baba ya ce kada in taɓa, shi zai naɗe. Ya durƙusa da ƙafar nan tasa yana naɗewa ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓe ƙura, ya ɗaure kowanne da igiya. Muka kai su sito muka jingine kusa da katan-katan ɗin mu'assal.

Da muka gama sai na ga wata matsalar. Inda kafet ya yi shekara tara ƙasa ta yi sumul, ta fita daban da sauran filin, ga ramukan ƙarafan rumfa huɗu. Ko makaho ya taka ya san an yi wani abu a nan. Sai wata dabarar ta zo mini. Maƙwabcinmu mai warsha ya daɗe yana kukan rashin wurin ajiye motocin da suka yi hatsari. Na same shi ranar Asabar na ce masa muna ɗan gyara ne, in yana so ya ajiye motoci biyu ko uku a filin na 'yan kwanaki. Ya dube ni ya ce, "Masallacin fa?" Na ce mun ɗage shi tukuna. Kafin azahar an jawo motoci uku da suka murƙushe an dire su a wurin. Na tsaya ina kallo ina yaba wa kaina.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Azahar ta yi, layin ya yi tsit, babu kiran salla. Mutane suka riƙa fitowa da hannun riga a naɗe, su tarar da motoci, su tsaya sororo, sannan su nufo shago. Ni na riƙa tare su a ƙofa ina cewa gyara ake yi, sati ɗaya ne. Wani ɗan Bangaladash mai gyaran wutar mota ya zo har sau uku yana tambaya, don da kiran Baba yake gane lokaci, ranar farko ma sai da la'asar ta kusa ya farga. A karo na uku na daka masa tsawa na ce ba shi da agogo a waya ne? Baba yana ciki yana jinmu. In lokaci ya yi sai ya shiga sito ya rufe ƙofa, ya yi sallarsa shi kaɗai ya fito.

Ranar Laraba mai dubawa ya zo, wajen ƙarfe sha ɗaya. Matashi ne mai fara'a, da ƙaramar kwamfuta a hannu. Ya duba takardu, ya duba allon shago da gargaɗin da aka ce a manna, ya leƙa sito. Ya kalli naɗaɗɗun kafet ɗin, amma ko tambaya bai yi ba. Ya fito ƙofa ya danna na'urarsa, ya nuna mini taswira: ga shagonmu, ga da'ira kewaye da shi, ga masallacin bayan titi a wajen da'irar. Ya ce, "Tamam," wato komai daidai. Filin kuwa ko waiwayarsa bai yi ba.

Ina cikin yi masa godiya sai ga Basudanen nan ya ɓullo daga kwana, da abin rufe fuskarsa na walda a ka. Bai san ko wane ne baƙon ba, ya ga dai ina dariya. Da ƙarfi ya ce da Larabci, "Ya ɗan'uwa, an gama? Mu mayar da masallacin yanzu?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai dubawa ya juyo ya ce wane masallaci? Na buɗe baki zan ce wasa yake yi, sai Baba ya fito daga bayan kanta. Da ɗan Larabcinsa na kasuwa ya faɗi komai. Ya nuna filin, ya ce shekara tara muna salla a nan, da muka ji doka muka naɗe don kada a rufe shago, shi ne ya naɗe da hannunsa, in akwai hukunci a kansa yake. Ina tsaye ina zaginsa a zuci. Duk wahalar nan don shi aka yi, ga shi ya zubar da ita da bakinsa.

Mai dubawa ya kalli motocin, ya kalle mu. Ya tambaya ko wurin yana da takarda, ko an yi masa rajista, ko hukuma ce ta naɗa liman. Muka ce a'a, mu muka jera bulo. Sai ya ɗan yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, irin ta wanda abu ya ɗaure wa kai.

"Ya ammi," ya ce wa Baba, wato baffa, "wannan ai wurin sallar ma'aikata ne. Ba ya cikin taswirata. Masallatan da ke rubuce nake aunawa. Da na zo na tarar da ku a sahu, da sai in bi ku salla in sa hannu in tafi." Ya sake kallon filin ya ce, "A wannan zafin kuka cire? Wa ya ba ku wannan shawara?"

Basudane ya kalle ni, Baba kuwa ƙasa ya kalla. Mu a wurinmu duk inda aka jera duwatsu aka kira salla aka yi sahu, masallaci ne, ko a tasha ko a bakin gona. Ko kusa ban kawo a raina cewa akwai idon da zai kalli wurin ya ga fili kawai ba. Mun ɓoye wa doka abin da ita ba ta ma san da shi ba.

Kunya ta kama ni, amma na ce a raina ai abin ya zo da sauƙi. Motar mai dubawa na barin layin na nufi warsha na ce wa maƙwabcinmu ya janye motocinsa, yau za mu mayar da rumfa. Yana goge hannu da tsumma ya ce mini ai ya kama hayar filin. Na ce wace irin haya? Ya ce shekara da shekaru ya san mai filin, kuma yana son wurin, amma ba zai iya zuwa ya nemi hayar inda ake salla ba, yana tsoron Allah. Da na zo da bakina na ce mun ɗage, sai ya je ranar Lahadi suka yi takarda.

Na yi masifa a ranar, har mutane suka taru. Na kira shi maci amana, na ce na 'yan kwanaki na ce masa. Ya ce ya ji, amma shi bai kori kowa ba, fili ya tarar babu kowa a kai, kuma ni na kira shi. Gaskiya kuwa ya faɗa. Shi ma yakan bi mu salla a da, a sahun baya. Kafin wata ya ƙare ya kewaye wurin da waya ya sa ƙofa.

Mun nemi wani wurin. Gaban shago hanya ce, bayansa kuma bola da tiransifoma. Sauran layin duk warsha ce manne da warsha. Makanikai suka koma kowa yana shimfiɗa kwali a gefen motar da yake gyara. Direbobi 'yan gida suka daina tsayawa. Wanda ya kawo injin ruwan sanyi ya zo ya ɗauki abinsa. Garin neman gira mun rasa ido, kuma duk layin an san wanda ya jawo.

Lasisi ya fito. Bayan 'yan makonni aka sabunta iƙamar Baba da katin asibitinsa. Ni na gani a waya na kai masa labari, ina ɗaga murya fiye da kima, don ina son ya ce ko ba komai an tsira da wannan. Ya ce alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa kafili da alheri. Sai na ce ya yafe mini.

"Me ka yi?" ya ce. "Kai ka ba da shawara. Ni na naɗe."

Na so a ce zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar da muka rasa filin na ce masa ya ci gaba da salla a sito, ga sanyi ga kafet. Ya ce kwana biyar ɗin da ya yi yana kai goshinsa ƙasa a tsakiyar katan-katan ɗin taba sun ishe shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma shi bai saba salla shi kaɗai ba. Tun daga ranar yake zuwa masallacin bayan titi, wanda nisansa ya cece mu. Azahar da la'asar da magariba, wani lokaci har isha'i, zuwa da dawowa.

A zuwansa asibiti na baya-bayan nan na raka shi don in yi masa tafinta. Ma'aikaciyar jinyar ta kwance bandeji, ta daɗe tana duba tafin ƙafar, ta kira likita. Wani sabon gyambo ne ya fito a ƙarƙashin babban yatsa. Likita ya tambaya ko ya ƙara yawan tafiya ne kwanan nan. Ya ce in gaya masa dole ya rage taka ƙafar, musamman da rana, in yana son ya tsira da yatsan. Na fassara masa kalma bayan kalma, ban rage komai ba.

"Ka ce mishi to," Baba ya ce.

Washegari, saura kusan rabin awa a kira azahar, ya ajiye tsintsiya ya sa takalminsa na asibiti. Na ce ya bari in nemi wani ya kai shi a mota. Ya ce wa zai bar aikinsa kullum sau huɗu don tsoho ɗaya? Na ce to in rufe shago in raka shi. Ya ce in tsare shagon, ai dominsa aka yi komai. Ya ɗora ɗan tawul a ka, ya bi ta gaban wayar da aka kewaye filin da ita bai kalle ta ba, ya kama gindin doguwar katangar inda 'yar inuwa ta rage.

Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana jan ƙafar har ya kai bakin titi, ya tsaya jiran motoci su rage. Sai wani ya shigo yana tambayar mu'assal mai tuffa, na koma ciki na ɗauko masa.